Kun Yar da Shi Tun Yana Ciki

A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin Najeriya, bayan an haɗa naira miliyan 585 an biya tarar da ta riƙe su. Mutanen nan zaɓi alƙali ya ba su, ko biyan tara ko zaman kaso, kuma rashin kuɗi ya zaunar da su. Jaridu sun yi ta yabon gwamnati da masu hannu da shuni. Ni tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce, ina danginsu suke duk tsawon wannan lokaci?

Akwai gidajen da abincin dare ma gagararsu yake yi, ba da su nake ba. Da ku nake, ku da kuke haɗa kuɗin anko da gara da kayan ɗaki cikin mako guda, amma ɗanku yana gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a kan tarar da ba ta kai kuɗin ragon suna ba, kuna cewa a bar shi ya ji a jikinsa. Ya ji. Sai dai a can ya koyi wanda zai sayi wayar sata, da inda ake samun ƙwaya, da wanda zai ba shi wurin kwana ranar da gida ya ƙi shi. Ba wannan darasin kuka tura shi ɗauka ba, amma shi ya ɗauko, domin malaman da kuka bar masa ke nan.

Watsin kuwa tun daga ranar kamu yake farawa. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, babu kotun da ta same su da laifi. Amma a gida an riga an yanke hukunci: "Ya ɓata mana suna." Ba mai tsaya masa beli, ba mai neman lauya ko na hukumar ba da agajin shari'a kyauta, ba mai zuwa kotu ya ji ranar da aka ɗage zama. Uwa ce kaɗai take sulalewa da ƙullin garin kwaki da sabulu, a ɓoye, don kada maigida ya ji. Uban da yake alfahari a majalisa cewa ƙafarsa ba za ta taka gidan yari ba, ya sani wannan ba tarbiyya ba ce. Tsoron bakin mutane ne, kuma ya fifita shi a kan ɗan cikinsa.

Ranar fita ta fi muni. Mutum ya tsallako ƙofa da leda a hannu, babu wanda ya zo tarbarsa. Ya iso gida ya tarar an ba wani ɗakinsa, an sayar da babur ɗinsa, wani ma an raba gado babu shi. Da zarar tukunya ko waya ta ɓata a unguwa, kowa shi yake kallo. Ya nemi aure, baffansa ne zai fara raɗa wa surukai cewa tsohon fursuna ne. Ya nemi jari, a ce wa zai ba kura ajiyar nama. Wata shida, shekara guda, sai ga shi a bayan motar 'yan sanda, dangi kuma su tafa hannu su ce dama sun faɗa. Ku kuka tura shi, da hannunku.

Ta mace kuwa ba a magana. Sau da yawa takardar saki ce take riskarta a ciki, a kwashe 'ya'yanta a hana su ko jin sunanta. Ta fito gidan miji ya rufe, gidan uba ya ɗaure fuska. Ina ake so ta nufa?

Ban ce a shafe laifi ba. Wanda aka sace wa dukiya ko aka zubar wa jini yana da haƙƙi, wani lokaci ma a cikin gidan yake, kuma ba a tilasta masa zama ɗaki guda da wanda ya cuce shi. Amma wannan ma aikin dangi ne. Su ne za su ɗauki mai unguwa da liman su je gidan wanda aka zalunta, a ba da haƙuri, a mayar da abin da zai mayu, tun mai laifin bai fito ba. Kullum muna faɗin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, muna wa'azin sada zumunci a masallaci, amma zumuncin namu iyakarsa bakin ƙofar gidan kaso.

Hukuma ma ba ta tsira ba. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, wadda ta tanadi sakin talala, da aikin gayya a madadin ɗauri, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, har da zaman sasanci na iyali. Ƙa'idojin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun buƙaci a kula da alaƙar fursuna da iyalinsa tun farkon zamansa. To me ya sa ziyara take zama wahala, tsohuwa ta yini a rana don ganin ɗanta na 'yan mintoci? Me ya sa ake kai mutum jihar da danginsa ba su da kuɗin motar zuwa? Me ya sa gwamna zai yi afuwar Sallah a gaban kyamara, a buɗe ƙofa, ba a kira ko mutum ɗaya daga gidan wanda aka saka ba? Ana koyar da ɗinki da kafinta a ciki, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN tana da cibiyoyin karatu a wasu gidajen, wasu ma ana sallamarsu da keken ɗinki. Keken da ba shi da rumfar da za a kafa shi, a kasuwa yake ƙarewa. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ma suna da hurumi a harkar gidajen gyaran hali, saboda haka gwamnoni su daina nuna Abuja da yatsa.

Jami'in walwala na gidan yari ya nemi iyalin mutum wata uku kafin fitarsa, a zauna a san inda zai kwana, da wanda zai tsaya masa, da shagon da zai shiga. Ku kuma dangi, kada ku jira a kira ku. Idan naku yana ciki yau, ku tambayi ranar ziyara, ku nemi lambar ƙararsa, ku ji nawa ne tarar, ku raba ta a tsakaninku yadda kuke raba kuɗin biki. Uban ne zai shige gaba, ba uwa ita kaɗai ba.