Tifar da ta dace da Kongolam

A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da aikin tagwaita hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure da Daura ta dire a Kongolam, mai tsawon kilomita 132, wadda kamfanin BUA ya karɓa a ƙarƙashin tsarin gina hanya a madadin biyan haraji. Tun kafin nan, a Fabrairun 2021, an aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi wanda shi ma ya ratsa ƙasar Daura, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya da kwalejin fasaha da aka kafa a birnin. Duk inda irin waɗannan ayyuka suka sauka, yashi da tsakuwa da marmara sai su yi daraja. Shi ya sa mai ɗan jari a Mai'adua ko Zango ko Sandamu, da ya ga motoci suna tayar da ƙura, zuciyarsa kan raya masa ya sayar da shanu ko gona ya sayi tifa ta hannu.

Sha'awar ba laifi ba ce, sana'a ce ta halal mai ciyar da gidaje da yawa. Inda ake tafka asara shi ne wurin zaɓe. Mutane na sayen tifa da lissafin babbar kwangila, alhali manyan kamfanoni da jerin motocinsu suke zuwa, kuma ranar da aiki ya ƙare za su kwashe kayansu su yi gaba. Wanda zai rage wa mai tifa shi ne mai buga bulo a bakin hanya, da malamin makarantar da ke ɗora ɗaki biyu, da kwamitin masallacin da ke son cikon harabarsa kafin damina. Waɗannan sawu ɗaya ko biyu suke saye, kuma sau da yawa a lungun da mai taya goma ba za ta iya juyawa ba. Ga mai mota ɗaya tilo, 'yar madaidaiciya mai taya shida ta fi kusa da kasuwar da ba ta yankewa.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace nauyi: wa zai gyara ta, kuma ina kayanta? Tsohuwar Marsandi 911, wadda aka daɗe ana haɗa irinta a kamfanin ANAMMCO na Inugu, ta tsufa, ba ta da gudu, amma da wuya a rasa bakaniken da ya san cikinta a gareji. Howo ta ƙasar Sin ta cika wuraren aiki, har kamfanin Ɗangote ya shiga haɗin gwiwar harhaɗa motocin Sinotruk a Legas, kayanta kuma ana samun su a Ƙofar Ruwa ta Kano. Matsalarta ita ce da yawa daga waɗanda ake kawowa tsofaffi ne da aka yi wa kwaskwarima da sabon fenti tun daga can. Sai kuma DAF da MAN na Turai 'yan baya-bayan nan, masu daɗin tuƙi da ƙarfin inji, amma cike da na'urori masu aiki da kwamfuta. An ƙera su ne don gas mai tsabta ƙwarai. Idan suka sha na jarka mai datti, wata fitila ta kama a gaban direba, mota ta rage ƙarfi, to sai an ɗauko mai na'urar bincike daga Kano. Kwana ukun da za ta yi a tsaye ba sawu ko ɗaya, direba da yaron mota kuwa sai sun ci abinci.

A kasuwar Mai'adua ranar Lahadi babu mai sayen sa don kyan fatarsa, sai ya buɗe baki ya ga haƙora. Haƙoran tifa suna ƙarƙashinta. Mai saye ya je da bakanikensa na amana, ba wanda dillali ya kawo ba, su isa da sassafe kafin a ɗumama inji, domin injin da ya gaji a sanyin safiya yake tona kansa. Idan ta tashi, a cire murfin wurin zuba baƙin mai: in hayaƙi na bulbulowa da ƙarfi, inji ya kusa neman a sauke shi. Shuɗin hayaƙi a salansa alama ce ta ƙona baƙin mai, in kuma man ya koma kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Sannan a shimfiɗa buhu a shiga ƙasa da tocila a bi shasi tun daga gaba har baya, musamman wurin da sifirin yake riƙe da wurin da bodi ke juyawa idan an ɗaga. Faci na walda da aka lulluɓe da baƙin fenti yana nufin ƙarfen ya taɓa tsagewa, kuma inda ya tsage sau ɗaya nan zai sake.

Kada a yarda a gwada jak ɗin da ke ɗaga bodi alhali bodin wayam yake. A cika shi da yashi, a ɗaga zuwa rabi, a tsayar a zuba ido. Idan bodi na sauka a hankali da kansa ko mai na tsatsafowa, akwai kashe kuɗi a gaba. A duba kuma ko iskar birki na cika da wuri kuma tana tsayawa bayan an kashe mota. Wannan ba maganar riba ba ce, maganar ran 'ya'yan mutane ce da ke tafiya makaranta a gefen titi.

Akwai kuma lissafin nauyi da yawancin masu saye ba sa yi. Busasshen yashi mai cika mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yana kai kusan tan 1.6, jiƙaƙƙe kuma ya doshi tan 2. Wato bodin da ya ɗauki tan 16 da rani zai iya ɗaukar kusan 20 da damina ba tare da an ƙara ko shebur ɗaya ba. Tifar da aka ga an yi wa bodinta ƙarin katako ko ƙarfe a sama ta sha lodin da ya fi ƙarfinta a hannun mai ita na farko, kuma sifirin da aksul sun riga sun biya bashin. Ƙasar nan ta rairayi ce, hanyar shiga rafi ba kwalta, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, don haka motar da ta zo a gajiye ba ta daɗewa.

Zama a bakin iyaka yana da nasa tarkon. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma kowa a Kongolam ya ga yadda aka rufe boda a 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Motar da ta ɓullo ta ɓarauniyar hanya takan zo da araha mai jan hankali, amma rana ɗaya a shingen kwastan ta isa ta cinye jarin mutum kaf. A karanta lambar da ke jikin shasi da ido, a gwama da ta takardar biyan kuɗin fito, a je ofishin kwastan a tabbatar kafin a biya ko sisi. Haka nan motocin Ingila da aka mayar wa sitiyari daga dama zuwa hagu, tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972: wasu an yi aikin da kyau, wasu kuwa walda ce kawai ke riƙe da su.

Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kuɗin mota ya bar kansa ba na taya, ba na batir, ba na cika tanki, ga shi a ƙarshen 2023 lita ɗaya ta gas ta haura naira 1,000. Gara ya sayi ƙaramar da ya fi ƙarfinta, ya ajiye na gyaran watannin farko, ya kuma zauna da masu tifa na Daura ya ji nawa ake biyan sawu zuwa Kongolam da nawa gas ke ci a ciki, kafin ya kira dillali.