Ciwon ƙugu: a san allura kafin a miƙa jiki

Ƴan kasuwar Baudeta, masu wuni kan kujera da masu ɗaukar buhu, ciwon ƙugu ya zame mana abokin sana'a. Da ya motsa sai allura. To, wace iri? Diclofenac na kwantar da zafi na ƴan awowi, amma yawanta na cin ciki da ƙoda, kuma an hana ta ga mai cikin wata shida zuwa sama. Ta kortizon, in likita ya sa ta a mahaɗar ƙashin baya da ƙugu, sauƙinta kan kai makonni, sai dai tana tada sukari da hawan jini. Mai tallar magani bai san jikinki ba, Hajiya. Ki je asibitin Tasawa a duba ki, ki tambayi sunan allurar. Araha ba ta ado.