Tazarce Da Ƙuri'ar Mutanen Nijar

Ran 4 ga watan Agusta, 2009, aka yi wa mutanen ƙasar Nijar tambaya guda, aka ce kowa ya amsa da i ko a'a. Tambayar ita ce, ko sun yarda a soke tsarin mulkin 1999 a kawo sabo, wanda zai ƙara wa Shugaba Mamadu Tanja shekara 3 ba da zaɓe ba, ya kuma ɗauke ƙa'idar nan da ta hana mutum wuce hawa biyu. Da aka ƙidaya, hukuma ta ce cikin kowane mutum ɗari da suka jefa ƙuri'a, 92 da rabi sun ce i. To, ba a cika wata bakwai ba sai soja suka kama Tanja cikin fadarsa, dubban mutane suka fito titunan Yamai suna murna. Abin da ya ɗaure mana kai ke nan: ina mutanen nan 92 suka shiga ran nan?

Kada mai karatu ya zaci muna raina Tanja. Jama'a suka zaɓe shi a 1999, suka sake zaɓensa a 2004, talakawan karkara kuwa Baba su ke ce masa. A zamaninsa aka aza harsashin matatar mai kusa da Damagaram, aka soma aikin madatsar ruwa ta Kandaji a kan kogin Kwara, da gada ta biyu a Yamai. Masu goyon bayansa suka ce wanda ya fara gini shi ya kamata ya yi rufi, suka sa wa kiran nan nasu suna Tazarce. Mu mutanen Nijeriya kalmar ba baƙuwarmu ba ce. Mun ji ta a zamanin Abacha, har riga aka yi mai sunan, mun kuma ga yadda Majalisar Dattawa ta ƙi ta a 2006 sa'ad da aka nema wa Obasanjo hawa na uku.

Amma fa Tanja ya dafa Alƙur'ani ya rantse zai kiyaye tsarin mulki, tsarin nan kuwa ya faɗa ƙarara cewa hawa biyu ne, ya kuma hana a taɓa wannan ƙa'ida. Kotun tsarin mulki, wadda wata mace, Fatimata Bazeye, ke shugabanta, ta ce ƙuri'ar ba ta halatta ba. Ran 26 ga Mayu ya rushe majalisar dokoki. Da kotu ta sake hanawa cikin Yuni, sai ya ɗauki ikon yin mulki da umarninsa shi kaɗai, ran 29 ga watan ya rushe kotun ita ma. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin shari'a ya san mutum ba ya zama alƙali a ƙarar kansa. Yaya za a ce da wanda alƙali ya kayar, sai ya tuɓe alƙalin, sa'an nan ya shiga kasuwa ya ce masu ganin shi ke da gaskiya su ɗaga hannu? Ko kasuwar duka ta ɗaga, hukunci yana nan inda alƙali ya bar shi.

Sa'an nan ga maganar lissafi, wadda mu masu koyon malanta ba mu da uzurin tuntuɓe a kanta. In yaro ya ce mana 92 cikin ɗari, mukan tambaye shi, ɗarin me? Su Mahamadu Isufu, da Mahamman Usman wanda majalisarsa aka rushe, da ƙungiyoyin ma'aikata, sun ce wa mutanensu kowa ya zauna gida. Watau masu cewa a'a ba su je wurin akwati ba. Hukuma ta ce mutum 68 cikin ɗari sun fito, 'yan hamayya suka ce ko kusa ba su kai haka ba, kowa ya riƙe lissafinsa. Mu a ganinmu zaman gidan nan yana da hujja, gama wanda ya shiga layi ya yarda ke nan da halaccin tambayar. Duk da haka shi ya ba Tanja wannan adadi mai ƙyalli da ya riƙa nuna wa duniya.

Babbar shaida ta zo ran 31 ga Oktoba, 2010. Aka sake kiran mutanen nan dai, aka tambaye su ko sun yarda a komo da ƙa'idar hawa biyu, watau kishiyar abin da aka ce sun so bara. Wajen 90 cikin ɗari suka ce i. Ashe cikin wata goma sha biyar ƙasa guda ta juya ra'ayinta kaf? Labudda ba haka ba ne. Tun daga ƙuri'ar 1958, wadda Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba suka ce a ƙi Faransa aka kayar da su, ba a taɓa yin irin wannan ƙuri'a a Nijar a'a ta rinjaya ba. Mai mulki shi ke tsara tambaya, shi ke sa rana, rediyon gwamnati da gwamnoni suna hannunsa. Talaka kuwa, in tambaya ta gangaro masa ta bakin hakimi da dagaci, amsar da ladabi da tsoro suka koya masa ita ce, “Ranka ya daɗe, haka ne.” Ba wauta ce ta sa shi ba, ya san wanda zai kwana da shi a gari bayan an ɗauke akwati.

Abin da ya biyo bayan ƙuri'ar Tazarce bai yi kama da ƙasar da ta haɗa baki ba. Aka kama Maru Amadu, ɗaya daga masu sukar abin, cikin Agustan nan. Aka yi zaɓen majalisa ran 20 ga Oktoba, manyan 'yan hamayya suka ƙi shiga, ƙungiyar ECOWAS ta dakatar da Nijar, Tarayyar Turai da Amurka suka tsai da waɗansu taimakonsu, alhali kuwa damina ba ta yi kyau ba, yunwa tana tafe. Janar Abdulsalami Abubakar ya yi ta kai da kawowa don sulhu, bai samu ba. Ran 18 ga Fabrairu, 2010, ana cikin taron ministoci, sojan Salu Jibo suka buɗe wuta a fada.

A nan ne muka rabu da masu guɗa. Gaskiya ne Salu Jibo ya cika alkawari, aka yi zaɓe, ya miƙa wa Isufu mulki a Afrilu, 2011, aka saki Tanja wata guda bayan haka. Isufu kuma ya yi hawansa biyu ya sauka a 2021, shi ne karo na fari da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe a ƙasar. Amma abin da kotu ta kasa, majalisa ta kasa, yajin aiki ya kasa, bindiga ta gama shi tun rana ba ta faɗi ba, mutanen gari suna tafi, na bariki kuwa suna kallo suna koyo. Tanja ya rasu a Nuwamba, 2020, bai ga ƙarshen abin ba. Ran 26 ga Yuli, 2023, masu tsaron fada suka tsare Shugaba Muhammad Bazum, aka jingine tsarin mulkin nan da mutum 90 cikin ɗari suka ce sun yarda da shi, jama'a kuma suka sake cika titunan Yamai suna yi wa soja kirari.