Raddi ga Masu Raina Mujallar Strange Tales

Wata magana ta daɗe tana yawo a bakin masu sharhi game da Strange Tales, tsohuwar mujallar labarai masu zane ta kamfanin Marvel a Amurka, wadda daga 1965 zuwa 1968 ta haɗa ɗan leƙen asiri Nick Fury da matsafi Doctor Strange cikin bango ɗaya. Wai kwaikwayo ce, wai shirmen yara ce, wai tana koyar da tsafi. Ban yarda ba, ga kuma hujjojina.

Sun ce an saci Fury ne daga James Bond. Ba mai musun cewa fim ɗin Bond mai suna Dr. No na 1962 da shirin talabijin The Man from U.N.C.L.E. na 1964 su suka buɗe kasuwar. Amma tun 1963 akwai Fury, yana sajan a labaran Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby suka yi a fitowa ta 135, cikin Agustan 1965, shi ne ɗauko wannan tsohon soja mai kaushin baki, ido ɗaya a rufe da ƙyalle, su damƙa masa hukumar leƙen asiri ta SHIELD. Bond ɗan gaye ne da ake aika; Fury shi ke aika mutane, shi ke ɗaukar alhakinsu. Kirby kuwa ya zana abin da ya fi ƙarfin masu fim na lokacin: makeken jirgin ruwan yaƙi yana shawagi a sama da gajimare.

Sun ce kasuwa ce ta haɗa jaruman biyu. Haka ne. Kamfanin Independent News mai rarraba kayan Marvel a lokacin ya ƙayyade mata yawan mujallu tun 1957, dole aka riƙa raba guda ɗaya gida biyu. To sai me? Matsin da ya bar wa kowane labari shafi goma ko goma sha biyu shi ya hana masu zanen ɓata fili.

Zargin shirme ne ya fi ci min rai, domin a nan ake gane wanda bai taɓa buɗe mujallar ba. Mai zane Steve Ditko ya fara Doctor Strange a fitowa ta 110, a 1963, da shafi biyar kacal. Daga ta 130 zuwa ta 146 ya ja zaren labari guda bai yanke ba. A ta 138 ya fito da Eternity, wata halitta mai siffar mutum wadda taurari da duniyoyi suka cika jikinta. Ga hanyoyi suna lilo babu ƙasa a ƙarƙashinsu, ga ƙofofi a tsaye babu bango. Mai karatu ba ya ɓacewa, domin kowane zane yana miƙa idonsa ga na gaba. Sai Jim Steranko ya shigo labarin Fury a ta 151, yana cuɗa hotuna da zane. A ta 167 ya shimfiɗa zane ɗaya a shafi huɗu, wanda ba ka ganinsa cikakke sai ka jera kwafi biyu. Da Fury ya samu tasa mujallar a 1968, Steranko ya buɗe ta da shafi uku ba kalma ko ɗaya, Fury yana kutsawa sansanin abokan gaba, kuma babu motsin da ke shige wa mutum duhu. Duk wannan a senti 12.

Batun tsafi na ɗauke shi da muhimmanci, don sihiri ba abin wasa ba ne a wurinmu. Sai dai labarin boka ba bokanci ba ne. Dormammu da Agamotto da sauran sunayen da Strange ke kira duk ƙirƙirarru ne, ba su da asali a wani littafin asiri. Mu da muka tashi da aljannun Dare Dubu da Ɗaya da Ruwan Bagaja mun san wannan bambanci. Kuma me labarin ke faɗa? Likitan tiyata ne mai girman kai da son kuɗi, haɗarin mota ya lalata jijiyoyin hannunsa, ya tsiyace, ya tafi tsaunukan Himalaya neman magani. Bai fara zama mutumin kirki ba sai da ya damu da ran wani, wato tsohon malamin da almajirinsa Mordo ke ƙulla wa makirci. Irin fargabar masu zargin tsafin nan ce ta tashi a 1954, lokacin da likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya ɗora wa mujallun zane laifin lalacewar yara. A 2012 mai bincike Carol Tilley ta bi takardunsa ta nuna ya jirkita bayanan yaran da ya kafa hujja da su.

Akwai aibi na gaske, kuma masu sukan ba su cika ambatarsa ba. Mugun da Steranko ya dawo da shi a 1967, Yellow Claw, tsohon hoton ƙiyayya ne da Turawa suka daɗe suna yi wa mutanen Sin. Ba zan kare wannan ba, ko da yake a cikin labarin akwai Jimmy Woo, jami'in FBI ɗan asalin Sin, yana yaƙarsa kafaɗa da kafaɗa da Fury.