An bar jaki ana dukan taiki: Batun wa'adin kalmar sirri

Yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022 ya ɗauki wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yawancin lokacin a gida Haɗeja na yi shi, inda a ƙarshen damina muka koma cika buhuna da ƙasa muna ɗaga jinga don kada kogi ya ci gari. Da aka janye yajin na koma bakin aiki, sai na tarar an kulle asusuna a saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da makin ɗalibai. Dalili kuwa shi ne an tsara kalmar sirrin kowa ta mutu bayan kwana 90, wanda bai sabunta ba a rufe shi.

Ba ni kaɗai ba ne. Layi muka yi a ƙofar ofishin matashin da ke kula da na'urar, har da furofesoshi. Da abin ya ishe shi, sai ya raba mana kalma guda ta wucin gadi, ya ce kowa ya je ya sauya. A ranar, duk wanda ya san sunan shigar abokin aikinsa yana iya taɓa makin ajinsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da na ji cewa asusun wani mai yi wa ƙasa hidima da ya taimaka wa ofishin, ya kuma tafi shekara uku da suka wuce, yana nan a buɗe, domin tun farko an keɓe shi daga dokar.

Mai karatu, ra'ayina shi ne tilasta wa ma'aikaci sauya kalmar sirri don kawai wa'adi ya cika ba tsaro ba ne. Abin da ya kamata a yanka wa wa'adi shi ne asusun wanda ya bar aiki.

Mu da muka karanci kimiyyar harshe mun san cewa ɗan Adam ba ya ƙirƙiro sabuwar kalma matuƙar kwaskwarima za ta wadatar. Mai "Hadejia1" zai koma "Hadejia2", mai sunan wata zai matsa wata na gaba, wanda ya gaji kuma ya rubuta a takarda ya liƙa ƙarƙashin tebur. Masu bincike a Jami'ar North Carolina ta Amurka sun gwada wannan a 2010 da tsofaffin asusu fiye da 7,000, suka gano cewa wanda ya san tsohuwar kalma yana iya lalubo sabuwar cikin daƙiƙu a kusan kashi 41 cikin 100 na asusun.

Su kansu waɗanda muka kwaikwaya sun sake shawara. A 2017 hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta ce kada a tilasta sauyi sai in akwai shaidar kalmar ta fallasa. A shekarar ne Bill Burr, tsohon jami'inta da ya rubuta ƙa'idojin farko, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. A 2019 kamfanin Microsoft ya cire wa'adin daga jerin matakan tsaron da yake ba da shawara a kansu. To, mu me muke jira?

Na san wani zai ce idan an sace kalma ba a sani ba, ai wa'adi ne zai raba ɓarawo da ita. Amsa ita ce wanda ya saci mabuɗi don ya sauya maki ko ya karkatar da albashi ba ya buƙatar kwana 90, dare ɗaya ya ishe shi. Maganinsa shi ne tabbaci na biyu, wato lambar da manhajar waya ke fitarwa, wadda ba ta buƙatar sabis, abin da ya dace da ƙauyukan fadama inda saƙon tes kan kwana a hanya.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. A tsarin Linux, umarnin chage ya bambanta abubuwa huɗu: -M na tsawon ran kalma, -W na kwanakin gargaɗi, -I na kwanakin da za a jira kafin kullewa, sai -E na ranar mutuwar asusun kansa. Wannan na ƙarshen shi ne aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ranar da aka buɗe wa mai yi wa ƙasa hidima ko ɗan kwangila asusu, ranar ya kamata a rubuta ranar rufe shi. Sashen ma'aikata kuma ya riƙa aika sunayen waɗanda suka yi ritaya, ko aka sauya wa wurin aiki, ko Allah Ya yi wa rasuwa, kowane ƙarshen wata. Sauran ma'aikata a bar su da doguwar jimla mai sauƙin tunawa, ko da Hausa ce, sai an ga alamar kutse a ce su sauya.

Jihar Jigawa ce ta kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure tun 2001, lokacin da wasu jihohi ba su farka ba. Yau akwai jami'a a Dutse da Kafin Hausa, ga kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ta ɗora wa kowace hukuma nauyin tsare bayanan jama'a. Ina kira ga shugabannin makarantu da ma'aikatu su sa a kawo musu jerin asusun da ke buɗe, su gwada shi da jerin masu karɓar albashi.

A bakin kogi na ga masu gyaran jinga suna bin ta taku-taku suna neman inda ruwa ke tsattsafowa, nan suke jibga buhu. Haka ya kamata a yi wa saba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah Ya sa mu gyara.