RA'AYINMU: Hukuncin mai kallo a Agege da aikin da ya rage wa Abuja

Duk makon da aka saki sabon kashi na ɗaya daga cikin finafinan Hausa masu dogon zango, akwai wata kotu da ke zama a Legas ba tare da alƙali ko magatakarda ba. Tana zama a teburin mai shayi a Agege, da rumfunan 'yan gwari a kasuwar Mile 12, da gefen mahautar Oko-Oba bayan an tashi aiki, da kuma zaurukan WhatsApp na matan aure a Idi-Araba. A nan ake tuhumar marubuci, a wanke jaruma, a yanke wa darakta hukunci, a kuma ɗaukaka ƙara zuwa mako mai zuwa. Masu riƙe da ofisoshi a Abuja sun saba ɗaukar wannan muhawara a matsayin hirar marasa aikin yi. Wannan jarida na ganin akwai abin da ya kamata gwamnati ta tsinta a cikinta, domin a bakin waɗannan masu kallo ake jin irin kallon da talaka ke yi wa hukuma, da kuma giɓin da hukumomin tarayya suka bari a wata masana'anta da ta riga ta fi ƙarfin jiha guda.

Sai an san su wane ne masu kallon kafin a san nauyin maganarsu. Hausawan Agege ba baƙin jiya ba ne. Fataucin goro da shanu ne ya zaunar da su, layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ƙara musu yawa, har suka kafa zango da sarauta da masallatai da makarantun allo. A yau akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya, yaran da Yarbanci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa. Ban da su, ga dubban 'yan ci-rani, masu gadi da 'yan acaba da direbobin manyan motoci da masu canji, waɗanda iyalansu ke can nisan kimanin kilomita 1,000. Ga mutum irin wannan, shirin Daɗin Kowa ko Labarina ya wuce nishaɗi. Nan yake jin sallamar da ya yi kewa, nan 'yarsa ke koyon yadda ake gaida surukai, nan kuma yake auna ko gida yana nan yadda ya baro shi. Kuma ba kyauta yake kallo ba. Da kuɗin data yake saye, wanda ya ƙara tsada tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da na intanet a watan Janairun 2025. Wanda ya ciri kuɗin cefane ya sayi kallo yana da hurumin ya ce an cuce shi ko an gamsar da shi.

To me suke cewa? Ƙorafin da ya fi yawa shi ne jan labari: a kwashe awa guda ana kallo, a tashi ba abin da ya motsa, sai dogon zama a falo da tallar atamfa ko ta maganin gargajiya a tsakiyar rikicin aure. Na biyu shi ne sauya jarumi ana tsaka da tafiya. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta fice daga Labarina a 2022, masu kallo da suka shafe zanguna suna bin halin da Sumayya ke ciki sun ji kamar an yi musu musayar 'yar'uwa, kuma har yau ana kafa misali da wannan. Na uku shi ne dukiyar da ake bajewa: gidajen da ba ma'aikacin da albashinsa zai gina, motocin da ba a faɗi sana'ar mai su ba. Labarin Mainasara, wanda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayinsa, attajirin da ya ɓoye arzikinsa don ya gano mai son sa tsakani da Allah, ya raba kan masu kallo gida biyu, waɗansu na ganin darasi ne ga 'yan mata, waɗansu na ganin yaudara ce aka sanya wa rawani. A ɗaya ɓangaren kuma, yabon da ake yi wa Kamaye da Adama na Daɗin Kowa bai taɓa yankewa ba, don kuwa kowa ya san gida irin nasu, da irin tukunyar da ake ɗorawa ba a san abin da za a zuba ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Jan labarin da ake kuka da shi yana da tushe a yadda kasuwar ta juya. Tun daga Turmin Danya a 1990, Kannywood ta rayu ne a kan kaset, daga baya faifan CD. Satar fasaha da finafinan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa suka durƙusar da wannan kasuwa, sai masu shiri suka yi ƙaura zuwa talabijin da YouTube, musamman daga 2020 lokacin da Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa hanyar za ta ɓulle. A YouTube kuwa kuɗi na bin yawan masu kallo da tsawon lokacin da suka zauna, ragowar kuma sai an nemo daga masu talla. Furodusan da bai da banki a bayansa, bai da asusun tallafi, bai kuma da tashar da za ta sayi zango guda ta biya shi gaba ɗaya, dole ya miƙe labarin da ya kamata ya ƙare a kashi 13 har ya kai 40. Jarumin da ba a ɗaure shi da rubutacciyar yarjejeniya mai ƙarfi ba, ranar da ya ga dama ranar zai tafi. Abin da mai kallo a Agege ke gani a matsayin rainin hankali, a ƙarƙashinsa rashin jari ne da rashin tsari.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. Shirin Kwana Casa'in, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, ya ƙirƙiri jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada, ya cika ta da hadimai da 'yan kwangila da 'yan jarida masu karɓar na goro, da asibitin da talaka ke mutuwa a bakin ƙofarsa. Mai kallo ba ya tsayawa a Alfawa. Yana gama kallo sai ya fara laƙaba sunayen taurarin ga mutanen da ya sani a zahiri: wannan shi ne wane na ma'aikatar kaza, wancan shi ne mai ba gwamnan jiharmu shawara. Ma'aikacin tarayya ko hadimin minista da ke son sanin yadda ake ganin sa daga nesa ba ya buƙatar a kafa kwamiti. Ya saurari abin da ake faɗa bayan an nuna hadimin da ya ɓoye fayil, ko jami'in da ya sayar da gurbin aiki. Abin lura shi ne da wuya a ji mai kallo ya ce an yi ƙari. Abin da aka fi ji shi ne an rage.

A kan wannan yanayi ne Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar a watan Mayun 2025 cewa ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Garwashi da Gidan Sarauta, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Ba mu ga laifin hukuma ta nemi a bi dokar da ta kafa ta ba. Damuwar iyaye game da abin da ke shiga wayar 'ya'yansu damuwa ce ta gaskiya, kuma iyayen Agege, da ke renon yara a tsakiyar wata al'ada daban, sun ma fi kowa jin ta. Ƙurar ta lafa, shirye-shiryen sun ci gaba da fita. Amma tambayar da lamarin ya tayar tana nan ba a amsa ba: da wane hurumi takardar da aka sa wa hannu a Kano za ta yanke abin da magidanci zai kalla a Agege, ko a Sabo ta Ibadan, ko a Nima ta birnin Accra, ko a Maraɗi?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya tace finafinai cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu. Majalisar Tarayya na da ikon kafa hukumar tacewa, kuma hakan bai hana majalisar jiha kafa tata ba. Shi ya sa ake da Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa tun 1993, da ta Kano tun 2001, Legas ma tana da tata. Harkar watsa shirye-shirye a talabijin kuma tana hannun hukumar NBC da aka kafa a 1992. Duk waɗannan dokoki an rubuta su ne da tunanin gidan silima da kaset da eriya a kan rufi. Shirin da aka ɗauka a Kano, aka tace hotonsa a Kaduna, aka ɗora a manhajar wani kamfanin Amurka, aka kalla a Agege, ya ratsa hurumin kowa, bai kuma zauna cikin hurumin kowa ba. Mai shiri bai san ƙofa nawa zai ƙwanƙwasa ba, mai kallo bai san wa zai kai wa kuka ba. Warware wannan aikin Abuja ne, kuma Abuja ta yi shiru.

Shirun ya fi ciwo idan aka tuna cewa gwamnatin tarayya ta taɓa sanin darajar wasan kwaikwayo. Gidajen talabijin na NTA ne suka raini Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi a Kaduna, da Karkuzu a Jos, da marigayi Ƙasimu Yero. A farkon shekarun 1980 an yi amfani da shirin Cock Crow at Dawn wajen kwaɗaita wa 'yan ƙasa noma. Da aka saki wannan fage, wasu suka shiga. Arewa24, wadda ta haifi Daɗin Kowa, da tallafin gwamnatin Amurka ta fara aiki a 2014, domin can an fahimci cewa labari na iya isa inda sanarwar gwamnati ba ta isa. Turkiyya ta ba tasharta ta gwamnati, TRT, dama ta shirya Ertugrul, ga shi yau ana kallon sa a ƙasashen da ba su taɓa jin Turkanci ba. Mu kuwa yunƙurin da aka yi a 2016 na gina alƙaryar finafinai ta naira biliyan 3 a Ƙofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji ya mutu tun a takarda bayan suka daga malamai da jama'a, kuma ba a sake zama an tambayi abin da jama'ar za su karɓa a madadinsa ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna kira ga Ma'aikatar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arzikin Ƙirƙira da ta tara Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa da NBC da hukumomin jihohi su fitar da ƙofa guda ta duba shirye-shirye masu dogon zango, mai ƙayyadadden kuɗi da ƙayyadadden lokaci, domin shirin da ke fita duk mako ba zai jira layin wata guda ba. A fifita rarraba shiri bisa shekarun mai kallo, da alama bayyananniya cikin Hausa a farkon kowane kashi, a bar dakatarwa ta zama makamin ƙarshe. A buɗe hanyar karɓar ƙorafin masu kallo cikin harshensu, wadda mai shayi a Agege zai iya amfani da ita daga wayarsa. Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, wadda Ali Nuhu ke jagoranta tun Janairun 2024, ta fi kowa sanin inda ɗakin ke yoyo: horar da marubuta, samar da samfurin yarjejeniya tsakanin furodusa da jarumi, da rancen da zai ba mai shiri damar kammala zango kafin ya fara saki. Dokar kare haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023 ta tanadi hanyar sauke kayan sata daga intanet, saura a ga aikinta a kan shafukan da ke kwashe guminsu.

Masu shirya finafinan ma akwai magana a kansu. Kaso mai tsoka na masu kallonsu yana kudu da Kogin Neja da ƙetaren iyaka, amma da wuya a ga rayuwar waɗannan mutane a allo. Ina labarin yarinyar da aka haifa a Agege aka kai ta aure Katsina ana yi wa Hausarta dariya? Ina na ɗan acaban da haramcin da Gwamnatin Legas ta faɗaɗa a watan Yunin 2022 ya raba da sana'arsa? Ina na maƙwabtakar Bahaushe da Bayerabe da ta tsira daga rikicin Mile 12 na 2016? Waɗannan labarai ne da ƙasa ke buƙata, kuma idan 'yan kasuwa sun ji tsoron zuba kuɗi, nan ne NTA da Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa za su nuna amfaninsu, bisa sharaɗin su biya kuɗin su kuma cire hannu daga alƙalamin marubuci.

Su kuma masu kallo, hujjarsu na raguwa duk lokacin da suka ya rikiɗe ya koma zagin iyayen jaruma saboda rawar da aka ba ta. Mugun da ke cikin fim ma'aikaci ne da ya iya aikinsa. A soki rubutu, a soki tsari, a bar mutuncin mutane.

Masana'antar da ke ciyar da dubban matasa, take riƙe da harshen miliyoyin mutane a wajen ƙasarsu ta gado, take kuma nuna wa gwamnati fuskarta duk mako, ta cancanci a ba ta doka bayyananniya da jari da kunnen sauraro. Masu kallo sun daɗe suna faɗin abin da suka gani. Saura hukumomin da aka ɗora wa alhakin su nuna cewa sun ji.