Filin Mata: Kiɗa a Gidan Zane-zane

'Yan'uwana mata, yau ga labarin wata Baturiya, Myra Hess, gwanar kiɗan fiyano.

Da Yaƙin Hitila ya tashi cikin 1939, aka kwashe zane-zanen da ke babban gidan ajiyarsu na Landan, aka kai Wales aka ɓoye don tsoron bom. Gida ya zama kango. Sai matar nan ta nemi izni a riƙa kiɗa a cikinsa da rana, Litinin zuwa Juma'a, kuɗin shiga sule guda, ribar a taimaki makaɗa mabukata. Aka fara ran 10 ga Oktoba 1939, ko ana ruwan bom ba a fasa ba, har Afrilu 1946, zama 1,698. Daga 1942 kuma, kowane wata a dawo da zane guda, jama'a su kalla, su ji kiɗan Bach ko Mozart, zuciya ta yi sanyi.

To, 'yar'uwa, kin ga ba bindiga ta ɗauka ba. Kada ki raina saƙarki ko ɗinkinki. Ran wuya, abin da hannunki ya iya shi ne gudummawarki.